Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Tattalin Arziki: Kada Ku Tsaya a Rabin Darasin Ricardo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamaina masu girma, ku da ke koyar da tattalin arziki a jami'o'i da kwalejoji, da ku masu rubuta littattafan da ɗalibai ke haddacewa, da masu shirya tambayoyin jarrabawa, ina gaishe ku da aiki, ina kuma neman afuwa idan ƙarami ya yi wa manya shisshigi. Wata magana ce ta daɗe tana cina, kuma ba ta wuce darasi guda ba, wato darasin cinikayya tsakanin ƙasashe. Rabinsa na farko kuna koyar da shi da kyau ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Rabinsa na biyu kuwa, wanda shi ke yanke wa jama'a rabonsu, sau da yawa a layi biyu ake dunƙule shi a ƙarshen babi, ko a ce zango ya ƙare, sai wani jiƙon. Wannan rabin ne na zo roƙo a kansa.

Rabin farkon shi ne abin da masanin tattalin arziki na Ingila David Ricardo ya shimfiɗa a 1817, da ƙasa biyu da kaya biyu. A Ingila, saƙa wani adadi na yadi yana cin aikin mutum 100 na shekara guda, haɗa wani adadi na giyar inabi kuma yana cin aikin mutum 120. A Fotugal, mutum 90 ne ke saƙa yadin nan, mutum 80 kuma su haɗa giyar. Ke nan Fotugal ta fi Ingila a duka biyun, kuma mai kallo daga nesa zai ce to me kuma za ta nema a wurin Ingila? Ricardo ya ce a dubi abin da kowace ƙasa ke haƙura da shi idan ta zaɓi yin wani kaya. Idan Ingila ta juya mutanenta ga giya, kowane ma'auni na giya yana cinye mata ma'aunin yadi 1.2. Fotugal kuwa ma'aunin giya ba ya cinye mata ko cikakken ma'aunin yadi guda, wajen 0.89 ne kawai. Saboda haka in dai da kaya ake auna kaya, giya ta fi araha a Fotugal, yadi kuma ya fi araha a Ingila. Kowa ya riƙe wanda ya fi masa sauƙi, a yi musaya, kowa ya samu fiye da abin da zai samu in ya rufe ƙofarsa. Wannan shi ne fifikon kwatance.

Ba ni da ja a kansa ko kaɗan. An ruwaito cewa masanin lissafi Stanislaw Ulam ya taɓa ƙalubalantar masanin tattalin arziki Paul Samuelson da ya kawo masa magana guda a ilimin zamantakewa wadda gaskiya ce kuma ba kowa ne zai gano ta da kansa ba, kuma amsar da Samuelson ya zo da ita daga baya ita ce wannan. Tarihi ma ya ba da shaida. Japan ta yi sama da shekara 200 kusan a rufe, sai aka tilasta mata buɗe tashoshin jiragen ruwanta a 1859. Da Daniel Bernhofen da John Brown suka bi farashin kayayyakin Japan na kafin buɗewar, sai suka tarar abin da ya fi araha a cikin gida, irin su siliki da ganyen shayi, shi ta riƙa fitarwa, abin da ya fi tsada kuma, irin su zaren auduga da yadi da ƙarfe, shi ta riƙa shigowa da shi. Sun ƙiyasta ribar da ta samu ba ta wuce kashi 8 zuwa 9 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. Amurka kuma ta gwada akasin haka, lokacin da gwamnatin Thomas Jefferson ta hana jiragenta fita ciniki daga ƙarshen 1807 zuwa 1809, kuma Douglas Irwin ya ƙiyasta asarar da wajen kashi 5 cikin ɗari. Don haka ka'idar tana nan daram.

Amma Allah ya gafarta malamai, ku duba inda Ricardo ya tsaya. Ya nuna wanda ya kamata ya yi yadi da wanda ya kamata ya yi giya. Da aka zo kan nawa za a yi musayar, sai kawai ya ɗauka ma'auni ɗaya na yadi ne a kan ma'auni ɗaya na giya, bai ce daga ina wannan farashin ya fito ba. A wannan farashin, Ingila ta ba da aikin mutum 100 ta karɓi abin da zai ci mata 120, ta tsira da 20. Fotugal ta ba da aikin mutum 80 ta karɓi abin da zai ci mata 90, ta tsira da 10. To, mu ɗan motsa farashin. A ce ma'aunin giya ya koma yadi 1.15. Yanzu Ingila sai ta ba da aikin mutum 115 kafin ta karɓi giyar, ribarta ta dawo 5, ita kuwa Fotugal da aikin mutum 80 ta kwashi yadin da zai ci mata 103.5 a gida, ribarta ta haura 23. A sake juya shi, a ce ma'aunin giya yadi 0.9 ne. Ingila ta tsira da 30, Fotugal kuma ta yi ta matsar inabi shekara guda cur, ta karɓi yadin da zai ci mata mutum 81 da aikin mutum 80. Ribarta mutum ɗaya tak.

A duka ukun nan ba abin da ya canza a gona ko a masaƙa. Fifikon kwatance yana nan inda yake, kuma a duka ukun ana iya cewa ƙasashen biyu sun ci riba, ba a yi ƙarya ba. Sai dai riba ta 1 da riba ta 23 ba rayuwa ɗaya ba ce. Abin da ka'idar Ricardo ta ba mu iyaka biyu ne, 0.89 a ƙasa da 1.2 a sama, ta ce farashi ba zai tsallake su ba, domin duk wanda aka tsallake iyakarsa zai gwammace ya yi kayan da kansa. Tsakanin iyakokin nan kuwa fili ne mai faɗi, kuma a cikin filin ne ake raba ribar. Ɗalibin da ya haddace lambobin nan huɗu ya tashi bai san abin da ke tura farashi sama ko ƙasa a wannan fili ba, an nuna masa cewa akwai riba, an bar shi bai san wa zai ci ta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne amsar ba sabuwa ba ce. John Stuart Mill ya yi aiki a kanta tun wajen 1830, ya buga ta a 1844, ya sake faɗaɗa ta a 1848. Ya ce buƙatar juna ce ke yanke farashin: yadda Ingila ke son giyar Fotugal, idan aka gwada da yadda Fotugal ke son yadin Ingila. Farashi zai zauna ne a inda abin da kowace ƙasa ta yarda ta fitar ya biya daidai abin da take son shigowa da shi. Ƙasar da ta fi matsuwa da kayan ɗaya ita ce za ta sassauta, wadda kuma duniya ke rububin kayanta ita ce za ta ja farashi zuwa ɓangarenta. Kamar mai kayan da ba sa kwana ne idan yamma ta yi, da mai sayen da zai iya tafiya ya dawo gobe: dukansu suna son ciniki ya faɗa, amma kowa ya san wanda zai fara sallamawa. Alfred Marshall ya zana wannan a 1879 da layuka biyu masu lanƙwasa, kowanne yana nuna abin da ƙasa za ta bayar a kan kowane farashi, inda suka haɗu kuma nan ne farashin duniya. Zane ne da allo ɗaya ya ishe shi.

Daga cikin wannan akwai wani sakamako da ya kamata a tsaya a kansa, domin ya saɓa wa abin da mutane ke zato. Idan ƙaramar ƙasa ta yi ciniki da babba, ƙaramar ba za ta iya cike dukkan buƙatar babbar ba, don haka babbar za ta ci gaba da yin kayan biyu a gida, farashin duniya kuma zai zauna a kan farashin cikin gidanta. A wannan yanayin ƙaramar ce ke kwashe ribar. Ke nan ƙanƙantar ƙasa ba ita ce matsala ba a karan kanta. Matsalar tana zuwa ne idan ƙananan sun yi yawa kuma kaya iri ɗaya duk suke talla.

Kafin in shiga wannan, akwai wata gada da ake tsallakewa a aji, kuma ita ce ke sa ɗalibi ya ɗauki darasin a matsayin wasan lissafi. Ba wani ɗan kasuwa da ke zama ya lissafa yadi nawa ƙasarsa ta haƙura da shi. Shi kuɗi yake gani, ya saya a inda ya fi araha. To ta yaya Ingila, wadda mutum 100 ke yi mata aikin da mutum 90 ke yi a Fotugal, za ta sayar da yadi da araha? Ta hanyar albashi da darajar kuɗi. A ce ma'aikacin Fotugal yana karɓar 100 a shekara, na Ingila kuma 80. Yadin Ingila ya tashi 8,000, na Fotugal 9,000. Giyar Fotugal ta tashi 8,000, ta Ingila 9,600. Ɗan kasuwa bai san Ricardo ba, amma ga shi ya bi hanyarsa. Idan albashin Ingila ya haura 90, yadinta ya daina sayuwa a waje. Idan ya faɗi ƙasa da 67, har giyarta sai ta fi ta Fotugal araha. A zamanin Ricardo zinariya ce ke gyara wannan, kamar yadda David Hume ya bayyana tun 1752: ƙasar da ke saye fiye da sayarwa zinariyarta za ta zurare waje, farashi da albashi su sauko, har kayanta su sake sayuwa. Yau canjin kuɗi ne ke ɗaukar yawancin wannan nauyin.

Ku lura da abin da ya fito a nan, don shi ne zuciyar maganata. Farashin musaya tsakanin kaya da kaya, da tazarar albashi tsakanin ƙasa da ƙasa, abu ɗaya ne ake kallo ta fuska biyu. Idan ma'aunin giya ya koma yadi 1.15, ma'anarsa albashin ma'aikacin Ingila ya sauko wajen 70. Idan ya koma 0.9, albashinsa ya kusan 89. Duk lokacin da aka ce farashin kayan da wata ƙasa ke fitarwa ya faɗi idan aka gwada da na waɗanda take shigowa da su, ana cewa ne mutanenta za su yi aiki mai yawa su karɓi kaɗan. Ɗalibin da ya gane wannan ba zai ƙara kallon jadawalin farashi a matsayin busassun lambobi ba.

Yanzu mu koma ga masu tallar kaya iri ɗaya. A 1950, Raúl Prebisch da Hans Singer, kowa ta hanyarsa, suka ce farashin ɗanyen kaya yana raguwa a hankali idan aka gwada da na kayan masana'anta. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne abin da Ernst Engel ya lura da shi tun 1857, cewa idan samun iyali ya ƙaru, kason da suke kashewa a abinci raguwa yake yi. Mutum yana iya ninka samunsa sau biyar, amma ba zai ninka kofin da yake sha sau biyar ba. An daɗe ana muhawara a kan wannan ra'ayi, kuma adalci ne a gaya wa ɗalibi haka. Enzo Grilli da Maw Cheng Yang sun bi farashin daga 1900 zuwa 1986 suka sami raguwar wajen kashi 0.6 cikin ɗari a shekara ga ɗanyen kayan da ba man fetur ba. Sai kuma Sin ta taso da gine-gine da masana'antu, tagulla da ake sayar da tan ɗinta ƙasa da dala 2,000 a 2003 ta haura dala 8,000 a 2006. Wannan tashin bai ƙaryata komai ba a wurin wanda ya san Mill, domin buƙata ce ta motsa, farashi ya bi ta.

Labarin kofi ya isa darasi na mako guda. Yarjejeniyar kofi ta duniya tana ƙayyade wa kowace ƙasa adadin da za ta fitar, har tsarin ya rushe a 1989. A shekarun da suka biyo baya Biyetnam ta shiga noman kofi da ƙarfinta, har ta zama ta biyu a duniya bayan Burazil, ita ma Burazil ɗin ta ƙara nomawa. Kowace ƙasa a cikinsu ta yi abin da rabin farko na darasin ya ce ta yi, ta riƙe abin da ƙasarta da yanayinta suka fi dacewa da shi. Zuwa 2001 farashin laba guda ya faɗi ƙasa da santi 50 na dalar Amurka, faɗuwar da aka yi shekaru da dama ba a ga irinta ba, manoma daga Amurka ta Tsakiya har Habasha suka rasa ko kuɗin ɗiban 'ya'yan itacen. Sun yi aiki fiye da da, sun noma fiye da da, samunsu ya ragu. Jagdish Bhagwati ya riga ya nuna tun 1958 cewa hakan na iya faruwa: ƙasa ta bunƙasa abin da take fitarwa, farashinsa ya faɗi ƙasa sosai har ta fi da talauci, idan dai ita babba ce a wannan kasuwa kuma masu saye ba sa ƙara saye don kaya ya yi araha.

Auduga ta nuna ɗaya fuskar. Da yaƙin basasar Amurka ya toshe fitar auduga daga 1861, masaƙun Lankasha a Ingila suka tsaya, farashi ya ninka fiye da sau uku, manoman Masar da 'yan kasuwar Bambai a Indiya suka samu kuɗin da ba su taɓa mafarki ba. Yaƙi ya ƙare a 1865, farashi ya faɗo, aka bar su da bashi. Ba su suka ɗaga farashin ba, ba su suka kayar da shi ba.

Kuma ba buƙata kaɗai ke motsa farashi ba, malamaina, akwai hannun gwamnatoci, kuma bai kamata a ɓoye wa ɗalibi wannan ba. Shi kansa misalin yadi da giya bai faɗo daga sama ba: yarjejeniyar Methuen ta 1703 ce ta buɗe wa yadin ulu na Ingila kasuwar Fotugal, ta kuma rage wa giyar Fotugal kuɗin fito da kashi ɗaya cikin uku ƙasa da na giyar Faransa. Ƙasar da ta isa girma a wata kasuwa tana iya sa haraji a kan abin da take shigowa da shi, ta rage saye, ta tilasta wa masu sayarwa su sauke farashi. Masu sayarwa ma idan suka haɗa kai suna iya yin tasu, kamar yadda man fetur ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 ganga tsakanin ƙarshen 1973 da farkon 1974. Akwai kuma harajin da ke hawa bene, wanda ake barin ɗanyen kaya ya shiga kusan kyauta, amma da zarar an sarrafa shi sai kuɗin fito ya ƙaru, abin da ke tsare mai noma a matsayin mai noma har abada. Akwai tallafi. Burazil ta kai ƙarar Amurka gaban Hukumar Cinikayya ta Duniya a 2002 kan tallafin da take ba manoman audugarta, wanda ke danne farashin duniya, ta kuma yi nasara, sai dai ba a rufe maganar ba sai 2014, da Amurka ta biya dala miliyan 300. Mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi, kuma ɗalibinku zai karanta wannan a jarida ko kun faɗa masa ko ba ku faɗa ba.

Sai dai a nan ma ina roƙon a faɗi gaskiyar duka. Iya juya farashi da haraji ya fi sauƙi a kan allo. Da Amurka ta ɗora haraji a kan kayan Sin da ƙarafa da sauransu a 2018, binciken Mary Amiti da Stephen Redding da David Weinstein ya nuna kusan dukkan nauyin a kan masu saye na cikin Amurka ya sauka, masu sayarwa ba su sauke farashinsu ba yadda aka yi zato. Ga kuma ramuwar haraji daga ɗaya ƙasar, wadda ita ce ke mayar da ribar da aka hango ta zama asara ga kowa.

Wani gefen da ake saurin wucewa shi ne abin da farashin duniya ke yi a cikin gida. Idan aka ce Ingila ta ci riba, wace Ingilar ake nufi? Ricardo ya san wannan tambayar sarai, domin ya shiga majalisa a 1819 kuma ya yi adawa da dokokin hatsi da ke hana shigo da alkama mai araha, dokokin da ke kare masu filaye suna tsadar da burodin ma'aikaci, waɗanda ba a soke su ba sai 1846. Wolfgang Stolper da Samuelson sun tabbatar a 1941 cewa idan farashin wani kaya ya sauka, waɗanda aka fi dogara da su wajen yin sa za su yi asara ta haƙiƙa, ko da ƙasar gaba ɗaya ta ci riba. Bayan Sin ta shiga Hukumar Cinikayya ta Duniya a Disamba 2001, David Autor da David Dorn da Gordon Hanson suka bi yankunan Amurka ɗaya bayan ɗaya, suka tarar garuruwan da ke yin kujeru da tufafi da makamantansu sun rasa ayyuka, kuma mutanen ba su tashi sun koma wasu sana'o'i da sauri ba kamar yadda ake ɗauka a littafi. Wani bincike da ya biyo baya ya ƙiyasta ayyukan da aka rasa daga 1999 zuwa 2011 da miliyan 2 zuwa 2.4. Ka'ida ta ce waɗanda suka ci riba za su iya biyan waɗanda suka yi asara kuma su rage da saura. Gaskiya ne za su iya. Ko sun biya, wannan maganar siyasa ce, kuma yawanci ba a biya.

Abu na ƙarshe da zan taɓa shi ne yadda ake gabatar da lambobin Ricardo kamar ƙaddarar da ba ta sauyawa. Lambobin nan hoton rana ɗaya ne. Burazil ta riƙe kasuwar roba ta duniya, sai Henry Wickham ya kwashi irin bishiyar a 1876 ya kai Ingila, daga can aka dasa a Malaya, wato Malesiya ta yau, kafin yaƙin duniya na farko kasuwar robar dajin Amazon na Burazil ta durƙushe. Chile ta rayu da gishirin takin da take haƙa a hamadarta, sai Jamus ta fara haɗa takin a masana'anta daga 1913, kasuwar ta mutu a hankali. Koriya ta Kudu ta kafa kamfanin ƙarfe na POSCO a 1968, ba ta da isasshen tama, manyan masu ba da rance na duniya kuma suka ƙi sa kuɗinsu, amma ga shi ya zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙarfe a duniya. Mill da kansa ya yarda a 1848 cewa ƙasa tana iya kare jaririyar masana'anta na ɗan lokaci har ta tsaya da ƙafarta. Amma kada a kawo Koriya a manta da Burazil, wadda ta yi doka a 1984 ta killace kasuwar ƙananan kwamfutoci don kamfanonin gida, jama'arta suka yi shekaru suna sayen na'urori masu tsada waɗanda zamani ya wuce su, aka janye tsarin a farkon shekarun 1990. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ɗalibi na buƙatar labaran biyu a rana guda, domin ya koyi tambayar abin da ya bambanta su.

Me ya sa na ɗauki wannan da zafi? Domin ɗaliban da ke gabanku yau su ne gobe za su zauna a teburin yarjejeniya, su rubuta wa ministoci shawara, su yi sharhi a rediyo da jarida. Rabin darasi yana haifar da mutum iri biyu, kuma dukansu haɗari ne. Akwai wanda ya riƙe cewa ciniki riba ne ga kowa, don haka duk takardar da aka miƙo masa zai sa hannu, bai tambayi a kan wane farashi ba, bai tambayi su wa kuma ke sayar da irin kayansa ba. Akwai kuma wanda ya fito duniya ya ga manomin kofi yana aiki yana talaucewa, ya ga ma'aikacin masaƙa a zaune, sai ya yanke cewa duk abin da aka koya masa yaudara ce, ya yi watsi da ka'idar ɗungurungum, har da gaskiyar da ke cikinta. Wannan na biyun ya fi ba ni tausayi, domin abin da idonsa ya gani gaskiya ne, kuma bayaninsa yana nan a cikin ilimin da kuke koyarwa, ba a dai kai shi wurin ba.

Roƙona ba mai nauyi ba ne. Ranar da kuka rubuta 100 da 120 da 90 da 80 a kan allo, kada a goge su sai ɗalibai sun lissafa rabon riba a kan farashi uku ko huɗu da hannunsu, sun kuma fitar da albashin da ya dace da kowanne. A ba Mill da Marshall lokacin da ake ba Ricardo. A ɗauki kaya ɗaya na gaske, kofi ko tagulla ko auduga, a kawo farashinsa na shekara 30 daga alƙaluman Bankin Duniya ko Asusun Ba da Lamuni na Duniya, waɗanda ke nan kyauta a intanet, a sa kowane ɗalibi ya bayyana abin da ya jawo kowane hawa da kowace sauka, ko masu saye ne suka canza, ko sabon mai sayarwa ne ya shigo, ko hannun wata gwamnati ne. Ku kuma masu shirya jarrabawa, maganar tana hannunku fiye da kowa, domin abin da kuke tambaya shi ake karantawa. Bayan tambayar da aka saba, ta wace ƙasa ce ya kamata ta yi wane kaya, ku ƙara ta biyu mai maki daidai da ita: a kan wane farashi za a yi musayar, me zai motsa shi, kuma wa zai ji a jikinsa idan ya motsa.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya da basira, ya sa albarka a cikin aikinku.

Wassalam.

Naku,
Ɗalibinku mai neman ƙarin sani